Aƙiƙ Da Danginsa: Ado, Tarihi Da Maganar Magani

Duk wanda ya san Zabarmari da sauran ƙauyukan fadamar Jere, arewa maso gabas da Maiduguri, ya san ƙasa ce ta laka da rairayi. Manomin shinkafa yakan yi wuni yana huɗa bai ci karo da dutsen da ya kai dunƙulen hannu ba. Amma duk da haka, a wannan yanki, kamar sauran wurare a Arewa, ba a rasa tsohuwa mai jan dutse a wuya wanda ta gada daga kakarta, ko dattijo mai zoben azurfa da ƙwayar aƙiƙ a kai. Duwatsun nan kuwa ba a ƙasar Jere aka tsince su ba, fatake da alhazai ne suka kawo su daga nesa.

Manufar wannan bayani ita ce jama'a su san ko mene ne aƙiƙ, da inda ya fito, da yadda ake rarrabe shi da jabu. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne a san iyakar amfaninsa, domin akwai masu dogara da shi a matsayin magani a lokacin da rai yake cikin haɗari.

Ko mene ne aƙiƙ?

Aƙiƙ ɗaya ne daga cikin wani dangin duwatsu da masana ilmin ƙasa ke kira kalsidoni. An ce sunan ya samo asali ne daga wani tsohon gari, Kalsidon, wanda yanzu ya zama unguwa a birnin Istambul na ƙasar Turkiyya. Sinadarin da ke cikin waɗannan duwatsu shi ne silika, watau abin da ya yi farin rairayi da ƙanƙarar ƙyastu. Bambancin kawai shi ne ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma, sun kuma sarƙe da juna tamau. Wannan ne ya sa dutsen yake da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ba ya kuma saurin tsagewa.

Galibi ana samunsa ne a wuraren da duwatsu suka yi aman wuta a zamanin da. Idan narkakken dutse ya huce, yakan bar ramuka a cikinsa. Ruwa mai ɗauke da silika sai ya riƙa tsattsafowa cikin ramukan, yana barin shimfiɗa bisa shimfiɗa har su cika. Wannan ne dalilin zane-zanen da ake gani idan an yanka dutsen.

Masana suna da ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, wanda wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara a 1812. Lu'ulu'u ne ke kan 10. Dangin aƙiƙ suna tsakanin 6.5 da 7, sun fi gilashi da baƙin ƙarfen wuƙa tauri. Shi ya sa dutse ɗaya yakan ratsa hannun kaka da uwa da jika bai lalace ba.

Ire-irensa

Launin kowane iri ya dangana ne ga ɗan abin da ya gauraya da silikar.

Jan aƙiƙ, wanda aka fi sani a ƙasar nan, tsatsar ƙarfe ce ta ba shi launi. Yakan tashi daga ruwan goro zuwa ja wur, kuma idan an ɗaga shi a rana haske yakan ratsa gefensa. Akwai wanda ya fi shi duhu, mai ruwan ƙasa-ƙasa.

Mai zane shi ne wanda shimfiɗunsa suka fito da launi daban-daban. Idan zanen baƙi da fari ne a miƙe, Larabawa suna kiransa jaza'u.

Koren iri yana samun launinsa daga ƙarfen nikel, shi ne kuma ya fi tsada a dangin. Akwai wani kore mai duhu da ɗigon ja kamar jini, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan dutsen jini.

Akwai kuma irin da haske ba ya ratsawa ko kaɗan saboda yawan ƙasar da ta gauraya da shi. Daga jan wannan iri ake sassaƙa lantana.

A ƙasar Hausa an san waɗannan duwatsu da sunaye bisa siffarsu. Akwai tsakiya da lantana da mata ke jerawa a tsinke, akwai kuma talhatana, mai zobe a sama da tsini a ƙasa, wadda matan Buzaye suka fi sawa a wuya ko a gashi. Murjani kuwa ba ya cikin wannan dangi ko da yake ana haɗa su a abin wuya ɗaya, domin shi daga cikin teku ake samo shi.

Hanyoyin da ya biyo

Tarihin aƙiƙ a ƙasar Barno ya girmi birnin Yarwa nesa ba kusa ba. A 1965 da 1966, wani masanin tonon kayan tarihi, Graham Connah, ya haƙa wani babban tudu a Daima, kusa da Ngala a bakin iyakar Kamaru. Ya tarar mutane sun zauna a wurin ƙarni bisa ƙarni, a ƙasar da ba ta da dutse, har ma dutsen niƙa da gatarin dutse sai an kawo musu daga nesa. A saman tudun, cikin kaburburan mutanen da suka rayu kimanin shekara dubu da suka wuce, an sami ƙwayoyin jan aƙiƙ tare da kayan tagulla. Haka nan a Igbo-Ukwu ta Jihar Anambra, Thurstan Shaw ya tono ƙwayoyin ado fiye da 160,000 a aikin da ya yi tsakanin 1959 da 1964, yawancinsu na gilashi, wasu kuma na jan aƙiƙ. Wannan shaida ce cewa fatauci mai nisa ya daɗe yana ratsa ƙasar da ta zama Nijeriya.

Babbar cibiyar wannan sana'a a duniya ita ce yammacin Indiya. Fiye da shekara 4,000 da suka wuce mutanen kwarin kogin Indus sun gwanance da huda aƙiƙ, har an sami aikinsu a kaburburan sarakunan Ur a ƙasar Iraƙi. Har yau garin Kambat a yankin Gujarat yana wannan aiki. Can ake shanya dutsen a rana, sa'an nan a gasa shi cikin tukwane domin jansa ya fito sosai. Masu sana'ar suna girmama wani waliyyi, Baba Gor, wanda suka ce daga Afirka ya zo. Daga Indiya da Yaman kayan kan ƙetare Bahar Maliya, su biyo ayarin raƙuma ta Masar da Fezzan, ko kuwa hanyar alhazai ta Sudan da Wadai wadda ta ɓullo Barno. Zoben aƙiƙ ya daɗe cikin tsarabar Makka.

A cikin ƙarni na 19 sai Jamusawa suka shiga cinikin. Masu sassaƙar dutse na garin Idar-Obastain suka fara samun ɗanyen dutse mai yawa daga Barazil tun wajen 1830. Suka yi amfani da injin ruwa, suka kwaikwayi siffofin da mutanen Afirka ke so, har da talhatana, suka turo su jibgi-jibgi. Sun kuma ƙware wajen rini, domin dutsen yana da ƙananan kafofi masu shan ruwa. Idan an jiƙa shi cikin ruwan sukari ko zuma, aka dafa shi da ruwan asid, sai ya koma baƙi ƙirin. Bayansu masana'antun Bohimiya, a ƙasar Cek ta yau, suka yi ta zuba irin waɗannan siffofi da gilashi, a sayar da araha.

Ƙasar nan ma ta yi nata. Fataken Hausawa sun riƙa ɗauko jan dutse daga yankin kogin Kwara a yammacin Jamhuriyar Nijar ta yau, su gangaro da shi zuwa Tsohuwar Oyo. Bayan rushewar Oyo a wajen 1830 zuwa 1840, masu sana'ar suka koma Ilori. Da hannu suke huda kowace ƙwaya da ɗan tsinken ƙarfe, su goge ta a kan dutse, aikin da yake cin kwanaki. Sarakunan Yarbawa da na Bini sun ɗauki lantana alamar sarauta. Kayan waje masu araha ne suka karya wannan sana'a a farkon ƙarni na 20.

Maganar magani

Tun zamanin da, al'ummu da yawa sun danganta aƙiƙ da warkarwa. Wani malami, Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a 1253, ya rubuta littafi a kan duwatsu masu daraja. A ciki ya kawo abin da mutanen zamaninsa suka ɗauka, cewa aƙiƙ yana kwantar da fushi, yana tsayar da jini, garinsa kuma yana gyara haƙora. Turawan da ma sun yi irin wannan zato game da dutsen jini. Ba wuya a gane tushen abin: dutsen ja ne, jini ma ja ne, sai aka ɗauka akwai dangantaka. Haka ake samun masu ɗaura shi saboda haɓo, ko don maganin baki da kambun ido, ko a rataya wa mace mai ciki.

Ta wajen addini, ya zo cikin Sahihu Muslim cewa zoben Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne mai ƙwayar Habasha, wasu malamai kuma sun fassara ƙwayar da aƙiƙ ko jaza'u. Ya kuma zo cikin Sahihul Buhari cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana da abin wuya na jaza'u daga Zafar ta ƙasar Yaman. Saboda haka yin ado da shi abu ne sananne tun farkon Musulunci. Amma ruwayoyin da ake yaɗawa cewa zoben aƙiƙ yana kore talauci ko baƙin ciki, manyan malaman hadisi irin su Uƙaili da Ibnul Jauzi sun bayyana cewa ba su inganta ba.

Ta wajen ilmin likita kuwa maganar a fili take. Silika ba ta narkewa a jikin fata, ba abin da ke fita daga dutsen ya shiga jini. Mai haɓo da ya ɗora dutse a goshi jinin ya tsaya, da ma yawancin haɓo da kansa yake tsayawa. Garin aƙiƙ ya fi haƙori tauri, don haka goga shi kankare haƙorin yake yi. Ƙurarsa ma cuta ce: masu gugar dutse da yawa a Kambat sun kamu da ciwon huhu marar warkewa saboda shaƙarta, ciwon da ke buɗe ƙofa ga tarin fuka.

Inda haɗarin ya fi girma shi ne wajen haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu jego a duniya, yana kuma iya hallaka mace cikin 'yan sa'o'i kaɗan. A asibiti akwai allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, akwai ƙarin ruwa da ƙarin jini. Duk lokacin da aka ɓata ana jiran dutse ko laya su yi aiki, daga ran mai jegon ake ɗebe shi. Ga mutanen ƙauyuka irin su Zabarmari, waɗanda sai sun nemi mota kafin su kai manyan asibitocin Maiduguri, wajibi ne a yi shirin tafiya tun kafin naƙuda ta zo.

Yadda ake gane na ƙwarai

Kama da wane ba ta wane. A Kasuwar Monde ta Maiduguri ko Kasuwar Kurmi ta Kano ana samun na gaske, ana samun jabu. Mai saye ya lura da waɗannan:

1. Allura ko bakin wuƙa ba sa ƙarzar aƙiƙ, amma shi yana ƙarzar kwalba.
2. Gilashi yakan nuna 'yan kumfa a ciki idan an ɗaga shi a haske, yakan kuma nuna layin inda aka haɗa mazubi.
3. Dutse yana da sanyi da nauyi a tafin hannu. Roba ba ta da nauyi, allura mai zafi kuma tana huda ta.
4. Launi mai tsananin haske, kamar shuɗi ko kore shar, wanda ya taru a cikin tsaga, alamar rini ce.
5. Tsohon aikin hannu ana huda shi ne daga kai biyu, don haka kafar ba ta cika miƙewa sak ba.

Gasa dutse da wuta tsohuwar al'ada ce, ba ha'inci ba ne. Ha'inci shi ne a sayar da gilashi ko rinanne da sunan na asali, ko a ninka kuɗinsa da alkawarin warkarwa.

Kira ga jama'a

Ana jan hankalin jama'a ga abubuwa huɗu. Na farko, mace mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma, in kuwa jini ya ɓalle a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba. Haɓon da ya ƙi tsayawa ko yake yawan dawowa shi ma a kai shi ga likita, domin yana iya zama alamar wata cutar.

Na biyu, masu sassaƙa ko gugar dutse su riƙa aiki da ruwa don kashe ƙura, su rufe hanci da baki, su nisantar da yara.

Na uku, Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tonon tsofaffin kufai da kaburbura, da cinikin kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izini ba. Wanda ya ci karo da tsofaffin duwatsun ado a gona ya sanar da hakimi ko dagaci, ko gidan tarihi mafi kusa. Haƙar ma'adinai kuma, bisa Dokar Ma'adinai ta 2007, sai da lasin daga Gwamnatin Tarayya.

Na huɗu, iyalan da suka gaji tsakiya ko lantana ko talhatana su adana su, su gaya wa 'ya'yansu daga wa aka gada da yadda aka samo su. Dillalai suna yawo ƙauyuka suna saye da kuɗi ƙalilan su kai ƙasashen waje, abin da ya tafi kuwa da wuya ya dawo. A yi ado da aƙiƙ, a riƙe shi a matsayin gado, amma idan ciwo ya zo a nemi magani inda yake.