ERG ko Feda da Kanka: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Linzami a Atisayen Keken Ɗaki?

A watan Fabrairun 2016 ɗan tseren keke na Ostireliya, Mathew Hayman, ya karye a hannu. Ya kafe kekensa a gareji, ya haɗa shi da manhajar Zwift, ya ci gaba da atisaye. Bayan kamar mako shida ya lashe Paris-Roubaix, ɗaya daga cikin tseren da ya fi wahala a Faransa. Tun daga nan mutane da yawa suka daina yi wa keken ɗaki kallon abin wasa. Sai dai duk wanda ya haɗa irin wannan na'ura da wayarsa zai ci karo da wani maɓalli mai suna ERG, kuma kunna shi ko kashe shi na iya canza atisayen gaba ɗaya.

Na'urorin da ake magana, irin su Wahoo KICKR da Tacx Neo, ana cire tayar baya ne a ɗora sarƙar keken a kansu. A ciki akwai birki na maganaɗisu da ke iya sa feda ta yi nauyi ko ta yi sauƙi, kuma waya ce ke ba shi umarni ta Bluetooth ko ANT+. Ana auna ƙoƙarin mahayi da wat, kamar yadda ake auna ƙwan lantarki. Atisayen matsa-ka-huta kuwa shi ne a matsa sosai na wasu mintoci, a sassauta, a sake matsawa.

Idan aka kunna ERG, manhajar za ta ce wa na'urar: riƙe wat 250. Shi ke nan. Ko mahayi ya sauya giya, ko ya ƙara saurin feda, na'urar za ta yi ta auna abin da ke fitowa tana gyara nauyin har lambar ta koma 250. Aikin sitabilaiza ke nan a kan wutar gida. Idan aka kashe shi, nauyin birkin yana tsayawa a mataki ɗaya ko ya bi tudun da ke kan allo, mahayi ne zai nemo 250 ɗin da giyarsa da ƙafarsa.

Daɗin ERG a bayyane yake. Mutum ba ya buƙatar tunani. Zai iya kallon fim yana feda, kuma ba zai iya ha'intar kansa ba, domin na'urar ba ta san lallashi ba. Ga zango mai tsawo, kamar minti 20 sau biyu a ƙarfi matsakaici, babu kamarsa. Sabon shiga da ke fara zango da zafi ya ƙare da jan ƙafa zai koyi daidaito a nan.

Matsalar tana cikin lissafin. Wat yana fitowa ne daga abu biyu: ƙarfin danna feda da saurin juya ta. Idan ɗaya ya ragu, dole ɗayan ya ƙaru kafin a samu lamba iri ɗaya. Mahayin da ke yin wat 250 da juyi 90 a minti, idan gajiya ta sa ya sauko zuwa juyi 60, na'urar za ta ƙara nauyin da rabi. Wato a daidai lokacin da ƙafa ke neman sauƙi, sai a ƙara mata kaya. Ta ƙara raguwa, a ƙara mata wani, har feda ta cije ta ƙi juyawa. Masu wannan harka suna kiran abin da juyin mutuwa, kuma mafita ita ce a ƙara saurin feda tun da wuri ko a tsaya na ɗan lokaci nauyin ya saki.

Akwai kuma jinkiri. Na'urar tana ɗaukar wasu daƙiƙoƙi kafin ta kai lambar da aka ba ta. A zangon minti 10 wannan ba komai ba ne. Amma a tsarin daƙiƙa 30 na matsawa da 15 na hutawa, wanda masanin Norway Bent Rønnestad ya yi bincike a kai, wani yanki na kowane zango zai tafi a jira. A tsarin Tabata na daƙiƙa 20 da 10 abin ya fi muni. Kuma gudun ƙure-ƙarfi ba shi da ma'ana a ERG tun asali: ta yaya za a ce wa mutum ya ba da iyakar abin da yake da shi, alhali an riga an sa masa rufi?

Wani abin lura ga masu son kyakkyawan zane a allo: layin nan miƙaƙƙe ɗoɗar da ake gani bayan atisaye ba lallai ne ya zama gaskiyar abin da ƙafa ta yi ba. Na'urorin Wahoo suna da saitin da ke goge hawa da saukar lambar kafin a aika wa waya. A kashe shi, za a ga layin yana rawa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne inda lambar ta samo asali. Zwift da TrainerRoad da MyWhoosh suna lissafa zangon ne daga FTP, wato kimanin ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa ɗaya. Yawanci ana samo shi ta gwajin minti 20, a ɗauki kashi 95 cikin 100 na sakamakon. Wannan gwajin an yi shi a wata rana da ta wuce. Bai san jiya mahayi bai yi barci ba, bai san ɗakin ya yi zafi kuma fanka ba ta aiki ba, bai kuma san yau jiki ya tashi da ƙarfi ba. A ranar gajiya ERG zai iya karya zangon da rage wat 10 kawai zai cece shi. A ranar ƙarfi kuma zai hana a gano an ci gaba. Manhajojin suna da maɓallin ƙarawa ko rage kashi, amma sai mutum ya yarda ya taɓa shi, kuma girman kai yakan hana.

Shi ya sa gwajin minti 20 kansa ake yin sa da ERG a kashe. Haka ma duk mai shirin hawa titi: tudu ba ya riƙe wa kowa lamba, kuma sanin lokacin sauya giya da raba ƙarfi fasaha ce da ba a koyon ta idan na'ura ce ke yin komai.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a bar wa ERG ɗumama jiki da dogayen zanguna, a kashe shi ga duk abin da bai kai minti ɗaya ba, da gudun ƙure-ƙarfi, da ranar da jiki ba ya jin daɗi. A Zwift ana iya sauyawa a tsakiyar atisaye ta manhajar Companion da ke kan waya. Mai saye daga inda wuta ba ta zama kuma ya duba wani abu kafin ya biya: yawancin na'urorin nan sai an jona su da soket ERG ke aiki, amma Tacx Neo tana iya samar da wutarta daga fedar mahayi.