Bashi Da Ɓoye-Ɓoye Kan Hana Yaro Aikin Amana

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar 'yan sanda ko soja, samarinmu na Kabo da Gwarzo sukan cika sakatariyar ƙaramar hukuma suna neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Iyaye su kuwa su shiga neman wanda zai tsaya wa yaro. Amma akwai wani sharaɗi a cikin sanarwar ɗaukar 'yan sanda da ba mu cika kula da shi ba, wato kada mai neman aikin ya kasance bashi ya yi masa katutu. Dokokin ma'aikatan gwamnati ma sun sa irin wannan bashi cikin manyan laifuffuka.

Binciken mutum kafin a ba shi babban matsayi ko a nuna masa asirin gwamnati aikin hukumar tsaron farin kaya ne, wadda ake kira SSS ko DSS. An kafa ta a 1986, kuma shugabanta na farko, Alhaji Isma'ila Gwarzo, mutumin yankinmu ne.

To, me ya haɗa bashi da tsaro? Wanda masu bin sa bashi suka matsa wa lamba yana da sauƙin saye. A Amurka an yi wani jami'in leƙen asiri, Aldrich Ames, wanda bashi ya dame shi. A 1985 ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet asirin ƙasarsa, ba a kama shi ba sai 1994, bayan an hallaka mutane da dama da ya tona. A ƙasar tasu akan tambayi mai neman irin wannan aiki bashinsa filla-filla. Abin lura shi ne, masu binciken sukan yi sassauci ga wanda ciwo ko rasa aiki ya jefa cikin bashi, muddin ya faɗi gaskiya kuma yana biya da kaɗan-kaɗan. Wanda ya ɓoye shi ne ba sa raga wa, domin mai ɓoye abu yana tsoron wanda ya san asirinsa, shi kuwa zai iya juya shi yadda ya ga dama.

Mu nan Kano mun ga abin da ƙarya a takarda take jawowa. A 1999 Salisu Buhari ya zama Kakakin Majalisar Wakilai. Sai wata mujalla ta bayyana cewa digirin da ya ce ya samo a Jami'ar Toronto na jabu ne, shekarunsa kuma ya yi musu ƙari. A watan Yulin shekarar ya sauka. Tsarin mulkin 1999 kansa ya hana takara ga wanda kotu ta ce ya tsiyace bai wanke kansa ba, da wanda aka kama da laifin rashin gaskiya cikin shekara goma da suka wuce.

Wani zai ce ina ruwan manomi da wannan. A da, wanda ya ci bashin taki yakan tafi cirani har a manta. Yanzu ba haka ba ne. Tun 2014 aka fara haɗa asusun kowa na banki da lambar BVN, daga 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya yarda banki ya ciri bashinsa daga duk wani asusun mutum a wani bankin. Da gwamnati ta fito da rancen manoma na Anchor Borrowers a 2015, mutane da yawa sun ɗauke shi tamkar rabon arziki, ba su biya ba. Wasu iyayen ma da sunan 'ya'yansu suka karɓa don su sami kaso biyu. Yau yaron ne yake neman kaki, bashin kuwa sunansa yake ɗauke da shi, shi bai ma sani ba. A ganinmu wannan ya fi cin bashin muni.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su duba littattafansu kafin kaka. Duk rancen iri ko taki a rubuta shi da sunan wanda ya ci, kada a ara sunan yaro ko na matar gida. Wanda damina ta ɓata masa ya zo gaban kwamiti, a tsara masa biya, ma'aji ya ba shi rasit duk ran da ya kawo wani abu. In yaro zai cika takardar neman aiki, a zaunar da shi a gaya masa abin da ake bin sa da abin da aka riga aka biya, ya tafi da rasit ɗin a hannu. Mai tsaya masa kuma ya nemi ganin littafin ma'aji kafin ya sa hannu.