Daga Cin Rani Zuwa Daba

Yau bari mu yi tunani a kan samarinmu na Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda sukan bar gida da zarar an gama girbi.

Cin rani ba sabon abu ba ne. Daminarmu wata huɗu ce ko biyar. In an kai gero da dawa rumbu, aikin gona ya ƙare. Tun dā saurayi yakan tafi Kano ko Jos, ya yi dako ko ga-ruwa, ya komo kafin shuka da ɗan abin hannunsa.

To, me ya sake? Dā masana'antun Bompai da Sharada da Challawa a Kano suna ɗaukar ma'aikata da yawa. Daga 1986, sa'ad da aka kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi. Ƙarancin wutar lantarki da atamfa mai araha daga waje suka sa masaƙu da dama suka rufe. Jigawa kuwa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, noma ne abin dogararta. Sai yaro ya isa birni, ba aiki, ba masauki.

A nan daba take samunsa. 'Yan daban Kano sun samo tushe daga ƙungiyoyin 'yan farauta da 'yan tauri. Tun zamanin NEPU da NPC 'yan siyasa suke amfani da irin waɗannan samari. A Bauchi, maƙwabciyarmu, ana ce da su 'yan sara-suka, a Gombe kuma 'yan kalare. Hanyar ɗaya ce: su ba yaro abinci da wurin kwana, su ba shi ƙwaya, daga baya su miƙa masa wuƙa. Ƙarshenta kurkuku ne, ko kabari.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ɗanka ya hau mota sai ka san wurin wanda zai sauka. Bari ya koyi kafinta ko ɗinki ko noman rani tukuna. Dattawan ikkilisiya, ku rubuta sunayen waɗanda suka tafi, ku riƙa tambayar lafiyarsu. Wanda ya komo da tabo a jiki kuwa, kada ku rufe masa ƙofa, gama idan gida ya ƙi shi, daba tana jiransa.

Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu, ya komo da su lafiya. Amin.