KALMAR "INVESTIGATE": BIN SAWU NE, BA YANKE HUKUNCI BA

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ya tsallaka iyaka har Jibiya, ya san Ingilishi ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Madarunfa. Daga cikin kalmomin da ake yawan ji a bakin ƴan sandan Nijeriya da cikin jaridunta akwai "investigate". Ya kamata mu san abin da take nufi, domin rashin gane ta ya sha ɓata sunan mutanen kirki.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan da. A wurinsu "vestigium" shi ne sawu, "investigare" kuwa bin sawu, kamar yadda maharbi da karensa suke bin naman daji. Ingilishi ya ari kalmar a ƙarni na 16. Faransanci ma yana da "investigation", amma ma'aikatanmu sun fi amfani da "enquête", wadda muka mai da anketi. Tushen wannan kuwa wata kalmar Latin ce mai nufin nema da tambaya.

Ashe abin ba sabo ba ne gare mu. In an sace sa a ƙauye, tun da asuba dattijai za su sa a bi sawu kafin dabbobi su tattake shi. Gwanin bin sawu ba ya kama sunan kowa a hanya. Ko da sawun ya ratsa ƙofar wani gida, ba zai ce mai gidan ɓarawo ne ba, don ya san ɓarawo ma yana wucewa ta ƙofar mai gaskiya. Sai ya ga inda sawun ya tsaya kana ya yi magana.

Haka Turawan Ingila suke amfani da kalmar. Ɗan sanda yana yin ta a kan laifi, likita a kan ciwo, ma'aikaci a kan kuɗin da suka ɓace cikin asusu. Hukumar nan ta Amurka da ake kira FBI, harafin ƙarshe na sunanta daga nan ya fito, kuma tun 1935 take ɗauke da wannan suna. A Hausa, kalmar da ta dace ita ce "bincika", aikin kuma "bincike". Kuskure ne mai fassara ya sa "zargi" ko "tuhuma" a madadinsu, domin wanda ake bincike a kansa alƙali bai riga ya same shi da laifi ba.

Akwai kuma binciken da babu laifi a cikinsa ko kaɗan. A ƙidayar jama'a ta 1977, da 1988, da 2001, da 2012, ma'aikata sun shiga gida-gida da tambayoyi. Irin wannan ma da Faransanci akan ce masa anketi. Magidancin da ya ji kalmar ya tsorata, ya ɓoye ƴaƴansa, ya rage wa garinsu hujjar neman lakwal da likita.

Saboda haka, ma'aikaci ya bayyana wa talakawa irin binciken da ya kawo shi tun kafin ya buɗe takarda. Mu kuma in mun ji an ce jandarma suna bincike a kan wane, mu kame bakinmu har a kai ƙarshen sawu. Magabata sun ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.