Sana'ar Masu Riƙon Amana a Gidan Tarihi na Birtaniya

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, idan ya dawo labarin da zai ba ka bai wuce na naɗaɗɗun gawarwakin mutanen tsohuwar Masar ba, da sassaƙen marmara na Girka, da tagullar Benin da aka jera a ɗakin Afirka. Da wuya ka ji ya ambaci mutum 25 ɗin da doka ta damƙa wa waɗannan kaya. Ba a gidan suke wuni ba, ba su da albashi, kuma mai ziyara ba ya ganin su. Amma a idon doka, kayan nan da yawansu ya kai kimanin miliyan 8 ba na sarki ba ne, ba na darakta ba ne. Suna hannun kwamitin amintattu. Su ke zaɓen darakta, su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke yanke shawarar kuɗin wa za a karɓa da kuma wa za a ba aron kaya. Saboda haka tambayar ko su wane ne, kuma da wace sana'a kowannensu yake ci kafin ya hau wannan kujera, ba tambayar tsegumi ba ce. Mutum ba ya ajiye idon sana'arsa a bakin ƙofa idan zai shiga taro.

Tun farkon kafa gidan aka nuna irin mutanen da ake so. Wani likita ne, Sir Hans Sloane, ya mutu a 1753 ya bar tarin kaya sama da 71,000: littattafai, busassun tsirrai, tsofaffin tsabar kuɗi da sauran abubuwan ban mamaki. Ya yi wasiyya a sayar wa ƙasa a kan fam 20,000, majalisar dokoki ta amince, aka haɗa kuɗin ta hanyar caca, aka buɗe ƙofa a 1759. Wani ɓangare na arzikin da ya sayi kayan da shi daga gonakin rake na Jamaika ya fito, inda bayi ke noma, ta hannun matar da ya aura. To da aka zo naɗa masu kula da wannan tari, ba a nemi masana tsirrai ko masu karanta tsofaffin rubuce-rubuce a sahun gaba ba. Manyan amintattu uku su ne babban limamin cocin Kantabari, da shugaban harkokin shari'a na masarauta, da kakakin majalisar wakilai. Sauran da yawa muƙaminsu ne ya ba su kujera, wasu kuma wakilan iyalan da suka bayar da kaya ne. Wato abin da aka duba shi ne girma da matsayi, a kan tunanin cewa babban mutum ba zai zubar da mutuncinsa a kan kayan amana ba. Haka aka yi ta tafiya har shekara 210.

Dokar 1963 ce ta sauya fasalin, kuma da ita ake aiki har yau. Ga yadda ta raba kujerun: sarki yana naɗa mutum 1, Firaminista yana naɗa 15, amintattun da kansu suna zaɓen 5, sai 4 da minista ke naɗawa bisa sunayen da manyan ƙungiyoyin masana huɗu suka miƙa, wato ta masana kimiyya, ta masu zane da sassaƙa, ta masana tarihi da adabi da zamantakewa, da ta masu binciken kayan da. Idan ka zauna ka yi lissafi, kujeru 4 kacal cikin 25 doka ta tabbatar wa ilimi da fasaha. Ana iya samun masana a cikin sauran, kuma ana samu, amma wannan ya rage ga mai naɗawa.

Jerin shugabannin kwamitin na baya-bayan nan ya isa ya nuna maka inda aka karkata. Daga 2006 zuwa 2014 Niall FitzGerald ne, tsohon shugaban kamfanin Unilever, mai yin Omo ɗin da ke kantunanmu. Daga shi sai Richard Lambert, wanda ya yi shekara goma yana editan jaridar harkokin kuɗi ta Financial Times, ya zauna a kwamitin da ke tsayar da kuɗin ruwa a Babban Bankin Ingila, sannan ya jagoranci babbar ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasar. A 2021 George Osborne ya karɓa. Shi ne ministan kuɗin Birtaniya daga 2010 zuwa 2016, daga baya ya yi editan jaridar Evening Standard, ya kuma shiga wani kamfanin ba da shawara kan cinikin manyan kamfanoni. Ɗan kasuwa, ɗan jaridar kuɗi, ɗan siyasar kuɗi. A cikinsu ba wanda ya ci abinci da tonon kufai ko gyaran tsohuwar tukunya.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa an yi ba daidai ba, domin akwai dalili. Shiga gidan kyauta ne, mutane miliyoyi ke zuwa duk shekara, ginin ya tsufa, rufin wasu ɗakuna yana yoyo, tallafin gwamnati kuma ba ya isa. Wanda ya san attajirai, ya san yadda ake magana da Baitulmali, ya iya karanta takardar lissafi, yana da amfanin da farfesa ba shi da shi. Sai dai akwai abin dariya a nan: a 2010, Osborne ɗin nan yana ministan kuɗi aka zaftare kashi 15 cikin ɗari na tallafin manyan gidajen tarihi na ƙasa. Bayan shekara goma sha ɗaya sai ga shi a kujerar mai neman abin da zai cike giɓin.

A wajen cike giɓin ne sana'o'in suke karo da juna. Kamfanin mai na BP yana tallafa wa gidan tun 1996, masu fafutukar kare muhalli kuma sun daɗe suna zanga-zanga a harabarsa, suna cewa kamfanin yana wanke sunansa ne da kayan tarihi. A watan Yulin 2019 Ahdaf Soueif, marubuciya 'yar Masar da ke cikin amintattun, ta ajiye muƙaminta. Dalilan da ta bayyana uku ne: kuɗin BP, da halin da ma'aikatan da aka ɗauka ta hannun 'yan kwangila suke ciki, da jan ƙafar da gidan ke yi kan batun mayar da kayan da aka kwaso zamanin mulkin mallaka. Duba da kyau, waɗannan tambayoyin marubuci ne, mai tunanin abin da suna da alama ke nufi. Mai banki kuwa tambayarsa ita ce, idan an ƙi wannan kuɗi, wa zai biya kuɗin rufi? Dukansu biyu suna da gaskiya, amma ba su da yawan ƙuri'a ɗaya a teburin. Gidan zane na Tate ya rabu da BP, haka gidan hotunan fitattun mutane na ƙasa, haka gidan wasan opera na masarauta. Gidan Tarihi na Birtaniya kuwa, a watan Disamban 2023 ya sanar da sabuwar yarjejeniya da kamfanin, ta fam miliyan 50 a cikin shekara goma, domin gyaran gini. Hausawa dai sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da yake gidan ya dage cewa mai bayar da kuɗi ba ya sa baki a abin da ake nunawa.

Siyasa ma tana da nata hannun, tunda kujeru 15 na Firaminista ne. A 2020 jaridu suka bankaɗo cewa ofishin Firaminista ya ƙi amincewa da sunan Mary Beard, a lokacin farfesar tarihin tsohuwar Rum a jami'ar Kambirij, wadda kusan babu gidan da ba a san fuskarta ba saboda shirye-shiryenta na talabijin. Abin da aka ruwaito shi ne ra'ayinta na goyon bayan zaman Birtaniya a Tarayyar Turai ne ya jawo. Amintattun sai suka bi ta bayan gida, suka shigar da ita ta cikin kujeru 5 ɗin da suke da ikon cikewa da kansu. Wadda ta fi kusan kowa sanin kayan Rum da Girka da ke gidan, da kyar ta samu wurin zama.

To ko a cika teburin da masu fasaha da masana kawai, a huta? Nan ma akwai rami. A Tate, dokar 1992 ta wajabta cewa aƙalla uku daga cikin amintattu su kasance masu zane ko sassaƙa da ke kan aikinsu. Tunani ne mai kyau, amma a 2005 aka gano gidan ya sayi wani babban aiki na Chris Ofili, mai zane haifaffen Manchester wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a kan kuɗi sama da fam rabin miliyan, alhali yana cikin amintattun. Ba cancantar aikin ba ce matsalar; mutumin ya ci kyautar Turner tun 1998. Amma a 2006 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin jinƙai ta ce Tate ta saɓa ƙa'ida, domin mai riƙon amana ba ya zama mai sayarwa ga abin da yake riƙe da amanarsa ba tare da izini ba. A Amurka kuwa, inda gidajen fasaha suka dogara da aljihun amintattunsu fiye da na gwamnati, matsalar ta fi fitowa fili. A 2019 Warren Kanders ya sauka daga kwamitin gidan zane na Whitney da ke New York, bayan masu zane takwas sun nemi a cire ayyukansu daga babban baje kolin gidan, saboda kamfaninsa ne ke ƙera barkonon tsohuwar da aka harba wa baƙin haure a iyakar Meziko.

Ni a ganina, abin da ya fi tona asirin wannan tsari ya faru ne a watan Agustan 2023, lokacin da Gidan Tarihi na Birtaniya ya sanar cewa kaya sun ɓace daga ɗakunan ajiyarsa. Da aka ƙirga, kusan 2,000 ne suka salwanta ko aka lalata, yawancinsu ƙananan duwatsu masu daraja da aka sassaƙa da kayan ado na zinare. An kori wani ma'aikaci, darakta Hartwig Fischer ya yi murabus. Abin takaicin shi ne tun 2021 wani dillalin kayan da ɗan ƙasar Denmark ya rubuto cewa yana ganin kayan gidan ana sayarwa a eBay, shugabannin gidan suka ce masa komai yana nan daram. Sai da ya kai kukansa ga amintattu kafin maganar ta motsa. Osborne da kansa ya shaida wa 'yan majalisa cewa ɓeran gida ne, kuma mai yiwuwa an shafe shekara 20 zuwa 25 ana yi.

Ta yaya za a yi shekara ashirin ana ɗibar kaya ba a sani ba? Saboda da yawa daga cikinsu ba a taɓa rubuta su yadda ya kamata ba, balle a ɗauki hotonsu. Bayan abin ya faru gidan ya ce akwai bayanai kimanin miliyan 2.4 da sai an shigar ko an gyara, aikin da aka ƙiyasta zai ci shekara biyar. Duk wanda ya taɓa tsaron shago a Kantin Kwari ya san abin da maigida ke fara tambaya idan ya shigo: ina littafi, nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage? Teburin da ya tara tsofaffin ministoci da shugabannin kamfanoni da farfesoshi, an yi ta sauya mazauna kansa shekara da shekaru, amma wannan tambaya ta mai sito ba ta samu wanda ya dage a kanta ba har aka yi ɓarna. Gaskiya ne aikin yau da kullum na darakta ne da ma'aikatansa. Sai dai sunan da ke kan kayan na amintattu ne.

Ga mu 'yan wannan yanki, maganar ba ta tsaya a Landan ba. Gidan yana riƙe da kaya kimanin 900 na masarautar Benin, yawancinsu daga harin da sojojin Birtaniya suka kai birnin a 1897. Wani zai ce da za a sa ɗan Afirka a teburin da an dawo da su. An taɓa sawa: Cif Emeka Anyaoku, tsohon babban sakataren ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ya zauna a kwamitin. Matsalar ita ce dokar 1963 ɗin da ta ba amintattu kayan ita ce kuma ta ɗaure hannunsu, ta hana su rabuwa da wani abu sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan akwai irinsa biyu ko ya lalace. Majalisa kaɗai ke iya kwance wannan ɗauri. Shi ya sa ƙaramin gidan tarihi na Horniman da ke kudancin Landan, wanda wannan doka ba ta hau kansa ba, amintattunsa suka zauna a 2022 suka amince a mayar wa Najeriya mallakar kaya 72, aka miƙa ta ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa lokacin Farfesa Abba Isa Tijani yana shugabanta.

A babban gidan kuwa, abin da ya rage shi ne ciniki, kuma nan ne sana'ar shugaban kwamitin ta sake bayyana. Osborne, wanda ya saba da zaman sasanci, ya yi ta ganawa da Firaministan Girka Kyriakos Mitsotakis yana neman hanyar da sassaƙen marmara na Parthenon za su je Atina a matsayin aro ba tare da an taɓa doka ba. Da wannan dabara ta aro aka yi wa Gana a 2024: kayan zinare da azurfa na fadar Asante guda 15 daga wannan gida, da 17 daga gidan Victoria da Albert, suka isa gidan tarihin fadar Manhyia da ke Kumasi, shekara 150 bayan sojojin Birtaniya sun ƙone birnin a 1874. Takardar da aka sa wa hannu ta aron shekara uku ce, da damar ƙarin wasu ukun.