Riƙon Amana: Aiki da Kuɗi a Idon Kiristan Television

Wanda ya sauka a garejin unguwar Television a Kaduna da sanyin safiyar Litinin zai tarar da mutanen da suka cika majami'u jiya: direban motar Kafanchan, mai doya, mai walda, mai ƙosai. Abin da suka ji a wa'azi, nan ake gwada shi.

Koyarwar ita ce riƙon amana. Ƙarfi da lokaci da dukiya duk na Allah ne, mutum wakili ne kawai, kuma ranar lissafi tana zuwa. Fastocin ECWA da HEKAN da Baftis kan kafa hujja da misalin talanti a Matiyu sura 25, inda aka hukunta bawan da ya binne kuɗin ubangidansa, ko da Manzo Bulus wanda ya ci guminsa da ɗinkin tanti.

A da, lissafin ba wuya. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, kudancin kogin Kaduna ya cika da masu albashi. Wata ya yi, a cire ɗaya bisa goma na zakka, a sa a ambulan. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Magidancin da ya yi shekara ashirin a bakin inji sai ga shi a kan acaɓa, yana tambayar kansa ko wannan ma aiki ne a gaban Allah.

A ganina zumuntar mata ce ta fi ba shi amsa. Mai ƙosai takan ware baikonta tun daga cinikin farko, ta ƙulle a bakin zane, ta zuba adashe, ta kuma sa hannu a kuɗin asibitin gwauruwar da ke layinsu. Ranar godiya kuwa, doya da kaji da mudun wake ake kawowa gaban bagade ana rawa, ba mai jin kunyar ƙanƙantar abin da ya riƙo.

Inda nake da ƙorafi shi ne wa'azin da ya tsaya a kan zakka kaɗai. Tara ɗin da suka rage fa? Mudun da ba a buga wa gindi ba, kuɗin makarantar yara, ladan yaron shago a kan lokaci, duk amana ce. Shugabannin ikilisiya, ku riƙa tambayar mutanenku yadda suka samu, kafin ku tambaye su nawa suka kawo.