Ruwa ɗaya, sanata biyu: wa ke magana da yawun manomin Kura da Bunkure?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watannin sanyi, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga abin da ba kasafai ake ganinsa a ƙasar Hausa da rani ba, wato kore shar hagu da dama, shinkafa da alkama da tumatir da albasa, alhali kuwa ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba tun watan Oktoba. Ruwan da ke raya wannan fili daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin mulkin marigayi Audu Bako, ya biyo babbar magudana ta Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin ƙananan hukumomi uku: Bunkure da Garun Malam da Kura. Shi ruwa bai san iyaka ba. Amma taswirar zaɓe ta san ta, kuma a kan wannan nake so mu ɗan tattauna da mai karatu a wannan mako.

Jihar Kano, kamar kowace jiha, tana da kujerun sanata uku, domin haka sashe na 48 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Idan aka haɗa da ɗaya na Abuja, su ne 109. An raba ƙananan hukumominta 44 gida uku: Kano ta Arewa 13, Kano ta Tsakiya 15, Kano ta Kudu 16. Kura da Garun Malam sun faɗa Kano ta Tsakiya, tare da Dala da Fagge da Gwale da Nasarawa da sauran unguwannin birni. Bunkure kuwa ta faɗa Kano ta Kudu, tare da Rano da Gaya da Sumaila, har can Doguwa. A Majalisar Wakilai ma haka abin yake, Kura na tare da Madobi da Garun Malam, Bunkure na tare da Rano da Kibiya. Ke nan manoma biyu da ke jan ruwa daga magudana guda, suna sayen taki a kasuwa guda, suna kai tumatir Kwanar Gafan a mota guda, ba su da sanata guda kuma ba su da ɗan majalisar tarayya guda.

Wani zai ce ai wannan riba ce, domin mai baki biyu a majalisa ya fi mai baki ɗaya. A takarda haka ne. A zahiri kuwa, abin da ya faru shi ne an mai da manoman wannan yanki 'yan tsiraru a wurare biyu, maimakon su zama masu nauyi a wuri ɗaya. A nan ne kuma ya kamata mu lura da wani bambanci da mutane da yawa, har da masu ilimin boko, ba su cika kula da shi ba. Kafin mutum ya zama gwamna, sashe na 179 ya wajabta masa, ban da rinjayen ƙuri'a, ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiha. Dole ya zagaya, dole ya roƙi na nesa. Sanata ba a ɗora masa wannan sharaɗi ba. Wanda ya fi yawan ƙuri'a, ko da ɗaya ce, shi ya ci. To, a mazaɓar da ƙananan hukumomi takwas na birni da kewayensa suka tara mafi yawan masu zaɓe, ɗan takara yana iya faɗuwa warwas a Kura da Garun Malam ya kuma tafi Abuja hankalinsa kwance. Ba mugunta ba ce, lissafi ne, kuma 'yan siyasarmu ko ba su iya komai ba sun iya lissafi.

Tarihin kujerun biyu ma abin dubawa ne. Daga 1999 zuwa zaɓen 2023, Kano ta Tsakiya ba ta taɓa mai da sanata sau biyu a jere ba. Kura Muhammad ya yi, Rufa'i Sani Hanga ya karɓa a 2003, Muhammad Adamu Bello a 2007, Bashir Garba Lado a 2011, Rabi'u Musa Kwankwaso a 2015, Malam Ibrahim Shekarau a 2019, sannan Hanga ya dawo a 2023 bayan shekara goma sha shida. Kano ta Kudu kuwa ta riƙe mutum ɗaya, Kabiru Ibrahim Gaya, har zango huɗu, daga 2007 zuwa 2023, kafin Kawu Sumaila ya kayar da shi. Ɗaya ɓangaren kullum baƙo yake turawa, wanda kafin ya gane hanyar ofisoshin kwamitoci wa'adi ya ƙare. Ɗayan kuma ya tura mai daɗewa. Duk da haka ban ga alamar cewa ɗaya daga cikin hanyoyin biyu ta sa maganar magudanar ruwa ta zama abin da ake cin zaɓe ko faɗuwa a kansa ba.

Abin da ya faru a Kano ta Tsakiya a 2023 shi ya fi bayyana matsalar. Malam Shekarau ya shiga jam'iyyar NNPP a watan Mayun 2022, aka ba shi takarar sanata, sai ya fice zuwa PDP a watan Agusta. Jam'iyyar ta ce ta maye gurbinsa da Hanga, hukumar zaɓe ta ƙi amincewa, aka tafi kotu. Da aka yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu, sai hukumar ta bayyana Shekarau a matsayin wanda ya ci, mutumin da ya shafe watanni yana yi wa wata jam'iyyar yaƙin neman zaɓe. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta tabbatar da Hanga. Mai zaɓe a Kura ya dangwala wa kwandon kayan marmari, domin takardar ƙuri'armu alamar jam'iyya take ɗauke da ita, ba sunan mutum ba, kuma a ranar da ya yi dangwalen babu mai iya gaya masa da tabbaci wane ne zai zauna a kujerar. Wanda guguwa ta kai shi majalisa, guguwar yake yi wa godiya.

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina sauraron kalmomin da muke amfani da su a wannan fage, domin sau da yawa kalma takan tona abin da ke cikin zuciya. Mun ce "wakili", kuma a Hausa wakili shi ne wanda ka aika ya yi magana da yawunka, ya dawo ya ba ka labari, kamar wakilin ango a wurin ɗaurin aure. Mun ce "Majalisar Dattawa", alhali dattijo a wurinmu ba shekaru ba ne kawai, riƙon amana ne da faɗin gaskiya. Amma kalmar da ta fi yawo a bakinmu tun dawowar mulkin farar hula ita ce "romon dimokuraɗiyya". Romo kuwa shi ne ruwan da ya rage bayan an tsame nama. Al'ummar da ta yarda cewa rabonta romo ne, ta riga ta sallama naman ga wani. Shi ya sa idan aka tashi auna sanata a majalisun hira, sai ka ji ana lissafa babura da kekunan ɗinki da buhunan shinkafar azumi, ba ka jin ana tambayar ranar da ya tsare wani jami'i a gaban kwamiti.

Alhali kuwa aikin da ya fi shafar manomin rani yana can a gaban kwamitin. Madatsar Tiga da magudanunta suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976, ba a hannun gwamnatin jiha suke ba. Kasafin kuɗinta ta Majalisar Tarayya yake bi, kuma sashe na 88 ya ba majalisar ikon binciken yadda aka kashe shi. An tsara kashi na farko na shirin ya shayar da kadada kusan 22,000, amma shekaru da dama abin da ake nomawa bai kai haka ba, ga ƙasa ta cike hanyoyin ruwa, ga ciyawar kacalla ta toshe su, wanda gonarsa ke ƙarshen layi ya kwana yana jiran ruwan da ba zai iso ba. Da aka tashi yin gyara mai ma'ana, sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya na dala miliyan 495 da aka amince da shi a 2014, aka raba tsakanin wannan shiri da na kwarin Haɗeja da Bakolori da wasu. Gyaran ya yi amfani, babu mai musu. Tambayar ita ce wa zai riƙa yashe magudanun bayan masu ba da bashi sun naɗe tabarmarsu, kuma da wane kuɗi. Wannan tambaya ce ta kasafin shekara-shekara, wato tambaya ce ta sanata.

A nan ne gizo ke saƙar. Hukumomin raya kogunan ƙasar nan suna cikin wuraren da 'yan majalisa suka fi son cusa abin da ake kira ayyukan mazaɓa, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara. Sai ka ga hukumar da aka kafa don noman rani an ɗora mata haƙa rijiyar burtsatse da kafa fitilun kan titi. Shugaba Buhari da kansa ya koka a 2019 cewa an kashe kimanin naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma a kan irin waɗannan ayyuka ba tare da an ga tasirin da ya dace ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: rijiyar burtsatse ana iya kafa mata allo da hoton mai girma sanata, yasar magudana kuwa ba ta da inda za a liƙa hoto.

Haka nan maganar dokar ruwa. Tsarin mulki ya sa ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma Kogin Kano irinsa ne, domin shi ke zama Kogin Haɗeja ya ratsa Jigawa da Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Duk ɗigon da aka tsare a Tiga, an rage shi ne daga masunta da manoman fadamar Nguru. An kai ƙudurin dokar albarkatun ruwa gaban majalisa a 2017, aka sake kai shi a 2020, duk ya watse cikin cacar baki ta ɓangaranci, 'yan kudu na ganin dabara ce ta ƙwace musu bakin kogi a ba makiyaya. Ko ƙudurin na da kyau ko ba shi da shi, mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan rabon ruwa su ya kamata a fara jin ta bakinsu, amma muhawarar ta wuce ta saman kawunansu da Turanci.

Na ce da Turanci da gangan. Sashe na 55 ya ce ana iya gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ana jiran tanadin. A Jamhuriya ta Farko, majalisun Jihar Arewa a Kaduna da Turanci da Hausa suke aiki.

Tun da na ambaci Kaduna, bari in taɓo majalisar jiha. A wancan zamani majalisu biyu ne a Arewa, ta Wakilai da ta Sarakuna, har zuwa juyin mulkin Janairun 1966. A Amurka, inda muka kwaso tsarin shugaba mai cikakken iko, jihohi 49 cikin 50 suna da majalisar dattawa tasu ta jiha, Nebraska ce kaɗai ke da majalisa ɗaya tun 1937. Mu kuwa kowace jiha majalisa ɗaya gare ta, kuma sashe na 91 ya ƙayyade cewa kujerunta ba za su wuce 40 ba. Da yake Kano na da ƙananan hukumomi 44, sai aka haɗa wasu bibbiyu, ciki har da Kura da Garun Malam da ke da ɗan majalisa ɗaya, Bunkure kuma na da nata. Ba ina kira a ƙirƙiro wata majalisar ba ne, domin nauyin wadda muke da ita ma ya ishe mu. Amma rashin birki yana da farashi. A watan Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki majalisar ta zartar da dokar sababbin masarautu huɗu, Kura da Bunkure suka wayi gari a masarautar Rano. Ranar 23 ga Mayun 2024 ta rushe dokar, gwamna ya sa hannu a ranar, Kura ta koma Kano; bayan wata biyu aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da Bunkure a cikinta. Majalisar da ke da irin wannan zafin nama, ai ba za ta rasa ƙarfin zama kan hanyoyin da ake fito da tumatir daga gona ba, ko kan dalilin da ya sa kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote a Kadawa, da aka buɗe a 2016 don ya riƙa cin tan 1,200 a rana, ya sha rufewa saboda rashin kaya, a tsakiyar yankin da tumatir ke ruɓewa a bakin titi.

Sashe na 73 ya umarci hukumar zaɓe ta riƙa sake duba iyakokin mazaɓu a kai a kai, a tsakanin da bai gaza shekara goma ba, amma har zaɓen 2023 da taswirar da aka gada daga mulkin soja aka yi aiki. Ba na tsammanin za a sake zana ta don manoman shinkafa. Abin da ke hannunsu shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da suka riga suka kafa, waɗanda suka ratsa iyakar mazaɓun biyu. Idan waɗannan ƙungiyoyi suka gayyaci 'yan takarar Kano ta Tsakiya da na Kano ta Kudu zama ɗaya a Kadawa kafin zaɓe, suka sa kowa ya faɗi da Hausa nawa aka ware wa yasar magudana a kasafin bara da nawa aka saki, za a san wanda ya taɓa buɗe kundin kasafin da wanda bai taɓa ba.